Mai Kama da Ni a Nima

Tun da na dawo daga Akra abokan aikina suka hana ni sakat. Da na shiga ɗakin malamai sai wani ya ce, "Malam Sa'idu, yaya Gana? Gaskiya ne mata ke riƙe da kasuwa? Ka ga teku?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in jawo littattafan ɗalibai in kama maki. Har sun fara cewa rowar labari gare ni. Ba rowa ba ce, labarin ne ya fi ƙarfin hutun rabin awa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko har ƙarshe, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Sakkwato, shekara goma sha huɗu ke nan. Akwai darasi ɗaya da ɗalibai suka san ba na wasa da shi, darasin kalmomin kamanni. Nakan ce musu same abu ɗaya ne tak, ba biyu ba. Similar abu biyu ne da suka kusanci juna, kamar gero da maiwa. In fuska ce ta yi kama da fuska, sai a ce resemble, ko look like, ko a ce su biyun alike suke. Identical na tagwaye ne da uwarsu kaɗai ke rarrabewa. In ɗa ya ɗauko ubansa, take after ake cewa. Wanda duk ya rubuta mini same a inda similar ya dace, jan biro zai sha har takardarsa ta huje. A bayan idona Malam Simila suke kirana, sun ɗauka ban sani ba.

Abin da ya kai ni Gana kuwa, yayana ne, Ummaru. Ina ɗan shekara tara ya bi wani dillalin shanu zuwa ƙasar da tsofaffinmu ke kira Gwanja, shi yana da sha bakwai. Saƙo biyu ya aiko, daga nan shiru. Lokacin da aka kori baƙi daga ƙasar mutanenmu da yawa sun dawo, shi bai dawo ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan da tafiyarsa. Babanmu ya rasu bai ji ɗuriyarsa ba, Inna kuwa ba ta taɓa yarda a ce masa marigayi a gabanta ba.

Sai ga Mamman mai albasa, ɗan ƙauyen da ke kusa da namu a ƙasar Gobir, wanda ke kai albasa Akra a babbar mota. Ya same ni har makaranta ya ce, "Malam, na ga wani mutum a unguwar Nima, kwance gefen masallaci. Bagobiri ne, ga zube a fuskarsa irin naka. Wallahi kai da shi kamar an tsaga kara. Ba ya magana, kuma ba wanda ya san sunansa."

Na so in ɓoye wa Inna, amma kafin in isa ƙauye labari ya riga ni. Ta ce, "Tashi ka tai ka gano min shi. In shi na, ka taho min da shi ko a kwance yake."

Na ce, "Inna, da me zan gane shi? Ba mu da hotonsa."

Ta ce, "Jini ba ya ɓoyo."

Da wannan kaɗai na kama hanya. Ni mai karatun boko, ban ko tambaye ta wani tabo ko alama a jikinsa ba.

Ana ba da dogon hutu na bi Mamman. Muka tsallaka ta Illela zuwa Ƙonni, inda motar ke jiranmu shaƙe da buhunan albasa. Aka ba ni wuri a gaba, tsakanin Mamman da direba, wani Bazabarme marar yawan magana. Kwana shida muka yi a hanya, kuma tun a rana ta biyu rigata da hulata da littafin da na ɗauko don karatu duk suka koma albasa. Har yau in na buɗe jakar nan sai matata ta toshe hanci.

A ƙasar Nijar da ta Burkina na gane iyakar ilimina. A shingen farko bayan Dosso na sauko da taƙama, na miƙa wa jandarma fasfo, na zuba masa Turanci mai kyau, wanda ko Baturen Ingila ba zai kushe ba. Ya dube ni, ya dubi Mamman, ya ce da Hausa, "Mi yake cewa?" Mamman ya kwashe da dariya, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya damƙa masa albasa cikin hannu biyu, aka ɗaga mana igiya. Daga nan na ja bakina na yi shiru. Albasa ce ta yi mana tafinta har iyakar Gana.

Kusa da Fadan Gurma taya biyu suka fashe lokaci guda, muka yini a gindin ɗorawa. Wata mata ta zo a kan ƙaramin babur, goye da ɗa, da bokitin wani farin ruwan gero mai sanyi da yaji. A can mata kan babur ba abin kallo ba ne, har tsofaffi. Na sha kofi uku. Mamman ya ce, "Malam, ai farau-farau ne irin namu." Na ce a'a, ya dai yi kama da shi. Ya ce, "Kai dai ba ka iya shan abu ka yi shiru." Gaskiyarsa.

A iyakar Gana, wajen Bawku, Turancina ya farfaɗo. Jami'in da ya duba fasfona ɗan kudu ne. Ya ƙura wa kumatuna ido ya tambaye ni ko da zaki na yi faɗa. Na ce masa zanen gidanmu ne, ana yi mana shi muna jarirai don kada mu ɓata. Ya yi dariya, ya buga hatimi, ya ce akwaba, wato maraba.

Daga Tamale zuwa Kumasi ƙasa ta riƙa yin duhu da itatuwa. A wani gari muka iske hanya a toshe, mutane sanye da ja da baƙi, ga ganguna, ga rawa, ga abinci ana rabo. Na ɗauka biki ne. Direba ya ce jana'iza ce, kuma mamacin ya fi wata guda da mutuwa, yana ajiye a gidan sanyi ana jiran dangi su taru. Na yi ta mamaki, mu da ba ma barin gawa ta kai la'asar in mutum ya rasu da hantsi. Amma na yi tunanin su aƙalla sun san wanda suke binnewa, kuma kowa nasa ya zo.

Muka sauke kaya a kasuwar Agbogbloshie, inda albasa da doya ke tsibi-tsibi, mata 'yan arewacin ƙasar na dako da manyan kwanoni a ka. Daga nan muka shiga ƙaramar motar haya da suke kira tiro-tiro zuwa Nima. Unguwa ce cunkus, gida jikin gida, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, ga wani ƙaton kwalbati da ya ratsa ta yana wari. Amma duk inda ka juya masallaci ne, kuma duk inda ka yi sallama da Hausa za a amsa maka. Maigidan Mamman, wani dattijo da ke sauke 'yan albasa, ya ba mu tabarma a ɗakin baƙi tare da wasu fatake huɗu. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba sai da na ci na ƙoshi.

Hausarsu kuwa sai da na daure. Maigidan ya ce mini, "Matana ya tafi kasuwa, in ya dawo zai dafa muku." Hannuna har ƙaiƙayin jan biro yake yi. Ba su raba mace da namiji a magana, kuma jimla ɗaya sai ta ɗauko Hausa da Turanci da yaren Asante. Daga baya na ga mutanen da ba su iya bambanta "ya" da "ta" ba sun iya abin da ni ban iya ba.

Da hantsi Mamman ya kai ni wurin Mma Adiza, mai sayar da shinkafa da wake a bakin wani ƙaramin masallaci, ita ce ke ciyar da mutumin. Ƙatuwar mace ce mai murya, tana zuba abinci a ganye tana faɗa da masu saye. Tana ɗaga kai ta gan ni sai ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Ei! La ilaha illallahu! Fotokofi! Kai dan'uwan Baba Gobir ne? You resemble him paa!"

Baba Gobir shi ne sunan da suka laƙaba wa mutumin, paa kuwa sosai ke nan a bakinsu. Masu cin abinci suka juyo. Wani ya ce, "Same face." Wani ya ce, "Same same, chale." Ko a wannan hali sai da wani abu a kaina ya ce ba same ba ne, similar ne. Allah ya shirye ni.

Ta ja ni zuwa wata rumfar kwano a jikin bangon masallacin. Yana kwance a kan katifar soso, an lulluɓe shi da zane mai tsabta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, gemunsa fari fat. In Ummaru ne, shekararsa arba'in da huɗu, amma wannan ka ce ya kai sittin. Na durƙusa na dube shi. Ga goshina, ga dogon hancin gidanmu, ga zuben Gobir daga gefen baki har kunne.

Na ce, "Ummaru?"

Ya dube ni, hawaye suka zubo masa. Na faɗi sunan ƙauyenmu, na faɗi sunan babanmu, na ce Inna tana gaishe ka. Kuka yake yi, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita sai iska. Na juya na ce wa Mma Adiza, "Shi ne! Kin ga ya gane."

Ta girgiza kai. "Malam, kada na yi maka karya. Kowane mutum ya yi masa Hausan Gobir, haka yake kuka. Last year wani ya zo daga Maradi, ya kira shi Isa, ya yi kuka. Mamman ya gaishe shi, ya yi kuka."

Ta ba ni labarin abin da ta sani, kuma ba shi da yawa. Shekara huɗu da suka wuce wani direban katako ya kawo shi daga wajen gonakin koko, ya riga ya shanye, ya ce ya tsince shi a tasha, ya ga Bahaushe ne shi ya sa ya kawo shi zango, unguwar Hausawa. Ba takarda a jikinsa. 'Yan masallaci suka kafa masa rumfa, maza na yi masa wanka bi da bi, ita kuma abinci safe da yamma. Na tambaye ta ko danginta ne Gobirawa. Ta ce ita Dagomba ce ta wajen uwa, ubanta Bamoshe. "Bako ne, Malam. Mu duka nan bako ne."

Kwana tara na yi a Nima, kullum ina rumfar nan. Ina ba shi koko da cokali, ina goge masa baki, ina yi masa tatsuniyoyin da Inna ke yi mana, ina lura ko wata za ta motsa shi fiye da wata. Duk ɗaya ne a wurinsa. Wata rana sai in ga kunnen babanmu sak, washegari in duba in ga kunne ne kawai irin na kowa. Na gane ashe ban tuna fuskar Ummaru ba sam. Abin da na riƙe shi ne ƙeyarsa da warin gumin wuyansa, don a kafaɗa yake ɗaukata zuwa gona. Wannan ya ba ni baƙin ciki fiye da komai.

Abincin Mma Adiza shi ya riƙe ni, ko da yake baƙin yajin da suke zubawa a kai, shito, ya sa na kwana biyu ina zarya bayan gida. Dokunu kuwa, wato ƙullin masara mai tsami da ake dafawa a ganye, sau ɗaya na gwada na ce a kai kasuwa. Teku ma na gan ta, daga tagar mota.

Ranar Juma'a da safe wani tsoho ya shigo rumfar da zabira a kafaɗa. Baba Sanda ne, wanzami, mutumin Tsibiri, wanda ya fi shekara hamsin a Akra amma Hausarsa na nan garau kamar jiya ya baro gida. Shi ke yi wa Baba Gobir aski duk Juma'a don Allah. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye aska ya ce, "Matso kusa da shi, ɗana. Kwantar da kanka nan."

Na kwantar da kaina kusa da na mutumin. Baba Sanda ya rufe ido, ya ɗora yatsun hannun dama a kumatuna, na hagu a kumatun Baba Gobir, ya riƙa bin zanen ɗaya bayan ɗaya, daga baki zuwa kunne. Ya juya mu, ya bi ɗaya gefen. Ya daɗe yana yi, mutane suka taru a bakin rumfa.

Ya ce, "Kowane wanzami da hannunsa, kamar yadda kowane malami da rubutunsa. Wanda ya yi muku wannan bahago ne. Dubi, tsagar gefen dama ta fi zurfi, kuma ta ƙarshe tana lanƙwasa sama kafin ta kai kunne. Yana danna aska a farko, ya sassauta a ƙarshe. Hannu ɗaya ya tsage ku."

Na tashi zaune. Wanzam Tanko na ƙauyenmu bahago ne, kowa ya sani, da hagu ya yi mini kaciya. Mma Adiza ta rangaɗa guɗa, Mamman ya rungume ni yana hamdala.

Baba Sanda bai yi murna ba. Ya jira hayaniya ta lafa ya ce, "Shi wanzamin naku, shekara nawa ya yi yana aiki?"

Na ce zai kai arba'in.

"Ƙauye nawa yake zagawa?"

Na ƙirga a zuci. Namu, da na su Mamman, da wasu biyar.

Ya ce, "To ka gani. Na shaida hannu ɗaya ne, amma ban shaida ciki ɗaya ba ne. Aska ba ta san uwa ba. Kama da wane kuwa ba ta wane." Ya jiƙa kan mutumin ya kama aski.

Duk da haka na ƙudura zan tafi da shi. Direba ya ce ba ya ɗaukar majinyaci marar takarda ya ratsa ƙasa uku, in ya cika a hanya wa za su ce sun ɗauko? Aka ce mana ana iya samun takardar tafiya ta wucin gadi, amma sai ɗan'uwa ya kawo shaidar rantsuwa. Ranar Litinin ni da Mamman muka shiga gari, kusa da kotu, inda masu tafireta ke jere a gindin itatuwa. Wani dattijo mai tabarau ya saurare ni, ya buga takarda cikin minti biyar, da gani ya saba. Na karɓa na karanta. Layi na uku cewa ya yi mutumin da aka sani da Baba Gobir da yayana Ummaru "are one and the same person."

Na ce masa ya canza wannan layin, ya sa closely resembles, wato yana matuƙar kama da shi.

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Teacher, resemble cannot cross border." Ya ce kamanni ba ya tsallaka iyaka, kowa na da mai kama da shi a duniya. Ko dai shi ne, ko ba shi ba ne, takarda ba ta san tsakiya ba. Ya faɗa da tausayi, kuma bai yi kuskure ba. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan shekara goma sha huɗu.

Muka shiga ofishin mai rantsarwa. Ya tambayi addinina, ya nuna mini famfo na yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani a naɗe cikin farin ƙyalle ya ajiye a kan tebur. Na miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama.

Mamman ya raɗa mini, "Malam, rantse mana. Allah ya san niyyarka."

Ku da kuka san garinmu kun san yadda muke tsoron wannan littafi. Mun taso muna jin wane ya dafa shi a kan ƙarya, bai ga damina ba. Ni kuma ban sani ba. Da cewa aka yi in rantse yana kama da ni, da na dafa sau goma. Amma same, kalmar da na huda takardun yara a kanta, ita ce a gabana, kuma na san nauyinta fiye da kowa a ɗakin.

Wannan shi ne dalilin da na ba Mamman, kuma gaskiya ne. Akwai saura wanda ban gaya masa ba, zan faɗa a nan tunda na ɗauki alƙalami. A daidai lokacin nan na tuna ɗakuna biyu gare ni a Sakkwato, da mata da 'ya'ya biyar. Na tuna Inna ta tsufa, ba ta iya juya ƙaton namiji a shimfiɗa. Na ce a raina, in ba shi ba ne fa, na ɗauko wa kaina baƙo har mutuwa? Tsoron Allah na nan, amma wannan ma na nan a bayansa, ya samu wurin fakewa. Na janye hannuna, na ba mai rantsarwa haƙuri, muka fito.

Na tsara abin da ya yi mini kama da hankali. Zan koma gida, hutun Disamba in dawo da Kawu Ila, ƙanin Inna, wanda ya yi noma da Ummaru, shi zai gane shi ko ya kore. Mma Adiza ta saurare ni har na gama, ba ta yi mini faɗa ba, ita da ke faɗa da kowa. Cewa kawai ta yi, "To, Malam. Yana nan. Ina zai je?"

Ranar tafiya na shiga rumfa na yi masa sallama, na ce zan dawo. Na yunƙura zan tashi sai na ji an riƙe ni. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya damƙe bakin rigata. Na yi magana, na lallashe shi, bai saki ba. Mamman na kira daga waje, mota na jira. Da hannuna na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ban waiwaya ba, don na san abin da zan gani.

Komowa ba ni da abin faɗa a kanta. Goro muka ɗauko, hanya ita ce dai ta da, ban yi wa kowa gyaran magana ba har Illela.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsintar wake. Ta dubi bayana kafin ta dube ni. Na zauna na kwashe komai na gaya mata, da rumfa, da kukan, da Baba Sanda, da takarda. Har na tsinci kaina ina yi mata bayanin bambancin same da resemble, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Wanzamin ya ce hannun Tanko na?"

Na ce haka ya ce.

"To mi ya hana ka taho da shi?"

Na ce, "Inna, ban tabbata naki ba ne."

Ta ajiye faifai. "Sa'idu, ni kaɗai ce ɗana ya tai Gwanja bai komo ba? Tumba na nan, ɗanta Isa. A'i ta bayan masallaci, ɗanta Labbo. Hajo ta garin su Mamman ta makance wajen kukan nata. Duk Tanko ya tsage su. Da ka kawo shi ka aje a zaure, da uwarsa ta fito. In ba ni ba ce, ɗayarsu ce."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Kwana tara ina tambayar ko nawa ne, ban tambayi ko na wane ne ba. Na sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama.

Ban jira Disamba ba. Na sami Mamman na ce in ya koma ya gaya wa Mma Adiza ina tafe da Kawu Ila ƙarshen watan gobe, kuma ko Kawu ya ce ba shi ba ne za mu san yadda muka yi muka taho da shi. Mamman ya tafi, ya dawo bayan mako biyar. Tun daga yadda ya cire takalmi a ƙofar gidana na gane. Baba Gobir ya rasu kwana goma sha biyu bayan tahowata. Mma Adiza ta ce tun ranar bai ƙara karɓar abinci sosai ba. Mutanen Nima suka yi masa wanka, suka yi masa salla, sahu har bakin titi, suka kai shi.

Na kai wa Inna labari. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta aika aka kira Tumba da A'i, aka ɗauko Hajo a kan jaki daga ƙauyensu. Su huɗu suka zauna a tabarma ɗaya a tsakar gidanmu, kwana uku suna karɓar gaisuwa. Mata in sun shigo sai su tsaya su rasa wadda za su fara fuskanta, sai su durƙusa a tsakiya su ce Allah ya ba ku haƙuri.

Ranar sadakar uku maza suka cika zaure, aka kawo gumba da goro. Liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, sai ya tsaya ya juyo wurina.

"Malam Sa'idu, wane suna za mu ambata?"

Kowa a zaure ni yake kallo. Sai muryar Inna ta fito daga bayan zana.

"Liman, ka ce ɗanmu. Allah ya san sunansa."